Horon ma'aikatan lafiya kan 'yan asalin ƙasa ya wuce haddace al'adu

Mutane da yawa suna zaton horon da ake ba likitoci da ma'aikatan jinya a Kanada da Niyu Zilan game da 'yan asalin ƙasa, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, bai wuce koyon gaisuwarsu da abincinsu da bukukuwansu ba. Wannan kuskure ne. Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori ta Niyu Zilan da ta assasa tsarin wannan horo, wanda ya shiga karatun jinya a Niyu Zilan a 1992, ta ɗora nauyin ne a kan ma'aikacin, domin ya binciki zaton da yake yi wa majinyaci da ikon da yake da shi a kansa, kuma majinyacin ne ke da ta cewa a kan ko an mutunta shi.

Ga misalin illar irin wannan zato: a 2008 Brian Sinclair, ɗan asalin ƙasa, ya rasu a kan keken guragu a ɗakin gaggawa na wani asibiti a birnin Winnipeg na Kanada bayan ya shafe awa 34 yana jira, alhali ciwon mafitsararsa yana da magani. Wasu ma'aikata sun gan shi, amma suka ɗauka buguwa ya yi ko mafaka yake nema, ba wanda ya duba shi.