Kafin ƙungiyarmu ta ƙwallon raga ta kama hanyar gasa

A shirin kai ƙungiya gasa, atisaye shi ne mai sauƙin. A nan Kanada akwai ƙungiyoyin ƙwallon raga na masu neman jinsi ɗaya, kuma galibinsu na nishaɗi ne: wani ma'aikacin jinya, wani direba, wani malamin makaranta, kowa ya tashi daga aiki ya nufo zauren wasa da yamma. Ƙungiyar NAGVA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwallon raga ta masu neman jinsi ɗaya a Arewacin Amurka, wadda aka kafa a 1982, ita ke kula da yawancin gasannin irin waɗannan ƙungiyoyi da ake yi a biranen Amurka da Kanada. Ta kasa 'yan wasa mataki-mataki, B da BB da A da AA, don kada gwani ya sauko ya ci zalin masu koyo.

Abin da fili ke buƙata sananne ne. Mutum 6 ke shiga, amma duk wanda ya tafi da 6 cif bai yi shiri ba, domin ana wuni ana wasa ranar Asabar, a wayi gari Lahadi a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kuma gwiwa da kafaɗa ba sa jiran kowa. Sai a tabbatar mai ɗaga ƙwallo ya saba da hannun masu dukanta, a tanadi rigar libero, wato ɗan wasan tsaron baya, da ta bambanta da ta saura, a yi ta maimaita tarbar ƙwallon farko, tunda a matakinmu a nan ake zubar da yawancin maki, ba a saman ragar mai tsayin mita 2.43 ba. Ana kuma koyon riƙe usur da rubuta maki, saboda idan ba ku wasa, ku ne alƙalan wasan wasu.

Inda nake da magana shi ne abin da ba ya cikin fili. Ga abokan wasana da aka haifa a nan, tafiya gasa tana nufin kuɗin rajista da ɗakin otal da wanda zai tuƙa mota. Ƙasarsu ta halatta auren jinsi ɗaya tun 2005, wasunsu ma iyayensu kan zo kallo. Ga wanda ya fito daga Najeriya lissafin daban yake. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya, ko ya gudanar da ita, ko ya shiga cikinta. Wato wannan haɗuwa da muke yi, mu ɗaura raga mu buga ƙwallo, a can tana iya kai mutum gidan yari. Dokar ba ta aiki a nan, amma tsoronta na biyo mutum, domin yana da uwa da ƙanne, kuma wata rana zai so ya je gida.

Shi ya sa nake cewa batun hoto ya kamata a fara da shi, tun kafin a zaɓi launin riga. An saba idan an gama wasa a jeru a bakin raga, a dafa kafaɗar juna, wani ya ɗaga waya. Kafin a isa otal hoton ya hau Instagram da sunan kowa a jiki. Akwai wani ƙaninmu a ƙungiyar, Bahaushe, da na lura duk lokacin da aka fara jeruwa sai ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe yana kwancewa har a gama. Da na tambaye shi a kan hanya, ya ce mini, "Yaya, hoto ɗaya ya isa." Ban ƙara tambayarsa komai ba. Tun daga nan muka tsayar da ƙa'ida: ana tambayar kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ko ya yarda a sa hotonsa, da kuma sunan da yake so a buga a bayan riga. Wanda ya ce a'a ba ya bin kowa bayani.

Sai takardu. Ɗan ƙasar Kanada zai iya tsallaka iyaka zuwa Amurka don gasar ƙarshen mako ba tare da biza ba. Mai fasfon Najeriya kuwa, ko da yana da izinin zama na dindindin a nan, sai ya nemi biza, kuma samun ranar ganawa na iya ɗaukar watanni. Wanda ke jiran hukunci kan neman mafaka, shi fita ƙasar ma ba abin da zai taɓa ba ne. Idan kyaftin ya zaɓi gasar birnin Shikago na Amurka saura sati biyar, ya riga ya ajiye wasu a gida bai sani ba, kuma ba za su faɗa ba. Za su ce aiki ne ya riƙe su.

Wasu kan ce wannan wasa ne kawai, kada a ɗora masa nauyi. Ban yarda ba. Lokacin da Dakta Tom Waddell, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1968, ya assasa Gay Games, babbar gasar wasanni ta masu neman jinsi ɗaya, a birnin San Francisco a 1982, manufarsa ita ce duk mai so ya shiga, ba sai ya ƙware ba. Ƙungiyar da aka kafa don waɗanda aka saba tsallakewa ba ta da hujjar tsallake nata.

Kuɗin tafiya mun mai da shi asusu ɗaya da ma'aji kaɗai ya san wa ya ba da nawa. Gasar bana kuma mun zaɓi wadda ke cikin Kanada, duk da cewa ta Amurka ta fi girma kuma wasu sun so ta sosai. Ta baɗi idan za a tsallaka iyaka, za a sanar tun watanni da dama kafin lokacin, masu neman biza su fara nema.