Zare Takobi a Japan: Wa Ya Fi Wani Asali?

Duk lokacin da mutane suka ga ɗan Japan ya durƙusa, ya zare takobi a tsanake ya sari iska, sai su ce wannan rawa ce kawai, gwanin gaskiya shi ne wanda yake tsaye yana datse naɗaɗɗiyar tabarma da sara ɗaya. Har a kan suna ana jayayya: na durƙuso ana ce masa iaido ko iaijutsu, na tsaye kuma battojutsu. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, domin tarihi bai goyi bayansa ba.

Sana'ar ta samo tushe ne daga yadda ake ɗaukar takobin. Tsohon takobin mahaya dawaki, tachi, rataye shi ake yi kaifinsa na kallon ƙasa, amma katana soke ta ake yi a ɗamara kaifinta na kallon sama, saboda haka fitowarta daga kube ita ce saran farko. Ana danganta kafuwar wannan ilimi ga Hayashizaki Jinsuke Shigenobu na ƙarni na 16, ko da yake makarantar Katori Shinto-ryu, wadda ta girme shi da kusan ƙarni guda, tana koyar da shi, kuma abin sha'awa, tana kiran na tsugune iaijutsu, na tsaye kuma battojutsu. Ashe sunayen da ake ta jayayya a kansu gida ɗaya suka kwana.

Zaman durƙuso da ake yi wa dariya ya shigo ne a zamanin Edo, lokacin da yaƙe-yaƙe suka lafa, ta hanyar makarantar Omori-ryu. Gaskiya ne jarumi ba ya zama cikin ɗaki da dogon takobi a ƙugu, amma wanda ya kalli mai koyo yana tasowa a kan gwiwoyinsa, hannun hagu na jan kube baya, na dama na fitar da kaifi, ƙafar dama ta dira daidai lokacin da saran ya isa, zai gane cewa ƙugu da ƙafafu ake horarwa. Wannan gado ne Oe Masamichi ya tsara a makarantar Eishin-ryu ta yankin Tosa, Nakayama Hakudo kuma ya fitar da makarantar Muso Shinden-ryu daga wannan gadon; darasin farko da 'yan Eishin-ryu suke kira Mae, 'yan Muso Shinden-ryu Shohatto suke ce masa.

Shi kuwa saran tabarma a tsaye da aka fi sani yau, wanda ake ɗauka shi ne na kaka da kakanni, yawancinsa jikan Toyama-ryu ne, tsarin da makarantar sojan Toyama ta fitar a 1925 domin hafsoshi, kusan shekara 50 bayan dokar 1876 ta hana yawo da takobi. Yana da amfani, domin tabarma ba ta yi wa kowa kara idan kaifi ya karkace, sai dai shi ne ƙaramin yaro a gidan, kuma tarihinsa bai rabu da yaƙin da Japan ta yi a China ba. Darussa 12 na bai-ɗaya da ake gwaji da su a iaido ma, a 1969 aka fara su da guda 7.