Hannun yaro ɗaya ne, ko ƙungiya nawa yake yi wa wasa

To, masu kuka sun sake tasowa. An cire yaro ɗan shekara 12 daga jifa a zagaye na biyar saboda ya kai jifa 85, iyakar da dokar ƙidayar jifa ta sa, ƙungiyarsa ta sha kashi, shi ke nan wai doka ta lalata besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Wai a da ba a haka. Wai yaron bai gaji ba, har murmushi yake yi. Madalla da likitocin bakin fili, masu duba jijiya daga kan benci da kofin lemo a hannu.

Ni kukana ba naku ba ne. Dokar ƙidayar jifa da Little League, gasar besbol ta yara, ta kawo a 2007 ba tsananinta ne matsala ba. Matsalarta ita ce a ƙofar gasar take tsayawa, yaro kuwa da hannunsa yake tafiya gida, da shi kuma yake zuwa wata gasar washegari.

Tunda da yawa cikin masu surutun ba su taɓa karanta dokar ba, ga ta yadda take a yanzu. Ɗan shekara 7 zuwa 8 ba ya wuce jifa 50 a rana. Ɗan 9 zuwa 10, jifa 75. Ɗan 11 zuwa 12, jifa 85. Daga 13 zuwa 16, jifa 95. In ya cika adadin yana tsaka da fuskantar mai bugu, ana barinsa ya gama da shi, sannan a cire shi. Amma ainihin dokar a hutu take. Ga ɗan shekara 14 zuwa ƙasa: wanda ya yi 1 zuwa 20 zai iya jifa gobe; 21 zuwa 35 hutun kwana ɗaya; 36 zuwa 50 kwana biyu; 51 zuwa 65 kwana uku; 66 zuwa sama kwana huɗu. Kuma cikakkun ranaku ake nufi, ba awanni ba. Wanda ya yi 70 ranar Asabar zai zauna Lahadi, Litinin, Talata da Laraba, sai Alhamis ya koma. Ba a yarda yaro ya yi jifa kwana uku a jere ba, komai ƙanƙantar adadin. Wanda ya yi 41 ko fiye ba zai koma ya tsuguna bayan mai bugu yana cafe ƙwallo a ranar ba, haka wanda ya yi cafiya a zagaye huɗu ba zai hau jifa ba, domin mai cafiya shi ma kusan duk ƙwallon da ta zo masa sai ya mayar da ita da hannun nan. Kai, ko koci ya ce a bar mai bugu ya wuce ba tare da an jefa masa ba, sai an ƙara wa yaron jifa huɗu a lissafi.

Kafin 2007 zagaye ake ƙirgawa, shida a mako. Zagaye ɗaya kuwa yana iya ƙarewa da jifa 8, yana iya cin 40 in yaro ya rikice. Shi ya sa aka watsar da tsarin. Yanzu ku je gasannin ƙarshen mako na ƙungiyoyin kuɗi, waɗanda iyaye a Amurka ke biyan ɗaruruwa har dubban daloli su kai 'ya'yansu daga jiha zuwa jiha, ku ga yadda da yawansu har gobe zagaye suke ƙirgawa. Kuma ko sun ƙirga jifa, nasu kawai suke ƙirgawa.

Ku yi lissafi da kanku. Yaro ya yi 60 ranar Juma'a a gasar unguwa, takarda ta ce ya huta kwana uku. Asabar uba ya saka shi a mota, ya yi wa wata ƙungiya 45. Lahadi an kai wasan ƙarshe, koci ya dafa kafaɗarsa ya ce "kai kaɗai muke da shi", ya ƙara 50. Jifa 155 cikin kwana uku, kuma babu littafin da aka saɓa wa. Kamar mai cin bashi ne a shago uku: kowane mai shago ya duba littafinsa ya ga kaɗan ne, amma aljihun da zai biya ɗaya ne. Ban ma saka jifan ɗumama jiki ba, wanda ba ya shiga lissafi, ko wanda yaron ya yi wa malamin horo na musamman ranar Laraba, ko wanda ya yi a gaban na'urar auna gudun ƙwallo don a ɗauki bidiyo.

Abin da ke faruwa a cikin hannun ba sirri ba ne. Ƙashin yaro bai gama haɗewa ba. A gefen ciki na gwiwar hannu akwai guringuntsi inda ƙashi ke girma, kuma a wannan shekarun ya fi jijiyar da ke jansa rauni. Duk jifa ɗaya, lokacin da hannu ya lanƙwashe baya kafin ya saki ƙwallo, ana fizgar wurin. In an huta, jiki ya gyara. In ba a huta ba sai ya kumbura, ya buɗe, wani lokaci ɓallin ƙashi ya rabu. Haka ma a saman ƙashin dantse kusa da kafaɗa. Ciwon ya yi yawa har sunan Little League likitoci suka laƙaba masa. In yaro ya girma ƙashi ya haɗe, sai nauyin ya koma kan jijiyar, ita kuma in ta tsinke sai tiyatar Tommy John, mai sunan ɗan wasan da aka fara yi wa ita, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974: a ciro wata jijiya daga hannu ko ƙafa a ɗinka a gurbinta, sannan a yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ana jinya. Aikin da aka ƙirƙiro don ƙwararren ɗan wasa, yau 'yan sakandare ake kwantarwa a yi wa.

Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama, inda Dakta James Andrews da Glenn Fleisig suka yi aiki, ta bi yara masu jifa tsawon shekara goma. Waɗanda suka wuce zagaye 100 a shekara sun fi sauran shiga haɗarin mummunan rauni da ninki uku da rabi. A shekara, jama'a. Ba a gasa ɗaya ba. Wace gasa ce ke riƙe da lissafin shekarar yaro? Babu. Shi ya sa tsarin Pitch Smart da MLB, babbar gasar ƙwararru, da USA Baseball, hukumar wasan a Amurka, suka fitar a 2014 ya ce a guji yi wa ƙungiyoyi da yawa wasa a lokaci guda, kuma a ba hannu hutun wata huɗu a shekara, biyu zuwa uku a jere. Shawara ce mai kyau, amma shawara ce kawai, ba mai cin tarar kowa a kanta.

Za a ce ai jiki magayi, yaro zai faɗa in ya ji ciwo. Wane ɗan shekara 11 ne zai ce a cire shi a wasan ƙarshe, babansa na tsaye da waya yana ɗauka? Koci ne zai gani: ƙwallo ta fara tashi sama, gwiwar hannu ta fara sauka, yaro na girgiza hannu tsakanin jifa da jifa, yana ɓata lokaci kafin ya saki. Za a ce magabata ba su ƙirga ba, kuma sun yi suna. Waɗanda suka tsira kuke tunawa, kuma su ba sa wasa wata goma sha biyu. Za a ce lanƙwasa ƙwallo ce ke kawo ciwo, a hana ta a huta. Ku hana, amma yawan jifa da jifa cikin gajiya su ne binciken ya fi kamawa. Za a ce aikin iyaye ne. To, na yarda, sai dai uban da ya biya kuɗin otal da na mai ba shi ne zai ce ɗansa ya zauna a benci ba.

Gaskiya abin da ake bukata ba shi da wuya. Kati ɗaya mai bin yaro duk inda ya je: kwanan wata, adadin jifa, ranar da zai iya komawa, sa hannun mai ƙidaya. Babu kati, babu jifa. Gasar da ta iya tantance takardar haihuwa da adireshin gida ba za ta gaza duba kati ba. Kuma a haɗa da 'yan matan sofbol, wasa mai kama da besbol, da ake barinsu su yi har zagaye 12 a rana wai jifan ƙasa-ƙasa ba ya cin hannu. Kafaɗa ce dai take juyawa, kuma yarinya ɗaya ce ake ɗora wa wasannin ƙungiya kusan duka.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne an iya haɗa kai a kan sanda, amma an kasa a kan hannun yaro. Ranar 1 ga Janairun 2018 aka ce sandar bugu sai mai tambarin USA Baseball, kaurinta kada ya wuce inci 2 da 5/8, don ƙarfin bugunta ya yi kusa da na katako. Gasannin yara na Little League da Babe Ruth da PONY duk suka bi, iyaye suka jingine sandunan da suka saya da tsada, alƙalan wasa suka riƙa jera sanduna a jikin waya suna duba tambari ɗaya bayan ɗaya.