Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Ga Ƙannena Masu Taɓa Saitin Saba

Assalamu alaikum. Ƙannena masu aikin kwamfuta a Katsina da Daura, ku yi haƙuri da ni, maganar yau ba mai daɗi ba ce.

A makon nan wata makaranta a cikin gari ta buɗe rajistar ɗalibai, fotal ya yi nauyi, shafi ɗaya sai ya kusa cin minti guda kafin ya buɗe. Samari biyu aka ba amanar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan, kuma yara ne masu ƙoƙari, ban raina musu ba. Amma me aka yi? Ɗayansu ya zaro waya, ya nemo fayil ɗin my.cnf, wato fayil ɗin saitin MySQL, manhajar da ke tafiyar da rumbun bayanan, wanda wani ya ɗora a intanet, ya kwafe shi kaf, ya share nasu, ya liƙa, ya sake tayar da MySQL. Da rana tsaka, iyaye na kan biyan kuɗi. MySQL ta ƙi tashi. Tsohon fayil kuwa babu wanda ya ajiye kwafinsa. Garin neman gira aka tashi rasa ido.

Wannan kwafe-ka-liƙa shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kuskure kowa na yi. Amma ka ɗauko saitin da wani ya ɗinka wa injinsa, ba ka san girman injin ba, ba ka san shekarar da aka rubuta shi ba, ba ka san ma'anar layi ko ɗaya ba, ka zuba wa sabar mutane? Wannan ganganci ne. Zanen aro ba ya rufe katara.

Dalilin ƙin tashin ma abin kunya ne. A cikin fayil ɗin akwai query_cache_size, alhali an cire wannan saiti gaba ɗaya daga MySQL 8.0 da ta fito a 2018, idan ta gan shi sai ta ce ba ta san shi ba, ta tsaya cak. Akwai kuma key_buffer_size da aka ba gigabait guda, shi kuwa na tsohuwar hanyar ajiye tebura ne mai suna MyISAM, kuma tun MySQL 5.5 a 2010 wata hanyar, InnoDB, ce ke zuwa a matsayin asali. Wato rigar da aka ɗinka wa wani sama da shekara goma da suka wuce ita aka ƙaƙaba wa injin yau. Suka goge layin query_cache_size, MySQL ta tashi, aka yi murna. Ba a yi awa ɗaya ba ta sake faɗuwa, wannan karon Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da injin, ce da kanta ta kashe ta.

A nan nake so ku tsaya, don a nan yawancinku ke faɗawa rijiya. Saitin ƙwaƙwalwar inji, wato RAM, iri biyu ne. Akwai wanda saba ke ɗauka sau ɗaya don amfanin kowa, babbansu shi ne innodb_buffer_pool_size. Ku ɗauke shi kamar kantar mai shago a babbar kasuwa: kayan da ke kan kanta miƙa hannu kawai ake yi, wanda babu sai an aiki yaro sito. Kanta ita ce RAM, sito shi ne faifai. MySQL na zuwa da 128MB kacal, wanda ya yi kaɗan ga duk sabar da ke aiki da gaske, ƙara shi kuwa shi ne gyara mafi amfani. Amma shawarar nan da kuke gani ta a ba shi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na RAM, ga injin da ba ya komai sai riƙe rumbun bayanai aka yi ta. Ku kuwa a kan inji ɗaya mai 8GB kuka tara Apache da PHP da MySQL har da imel. Ka ba MySQL 6GB, sauran su ci me? A irin wannan inji ka fara da 3GB ko 4GB, ka zuba ido.

Iri na biyu shi ne mai haɗari: wanda kowane haɗi, wato kowane layin da manhaja ta buɗe zuwa rumbun bayanai, ke ɗaukar nasa daban. sort_buffer_size da join_buffer_size kowanne 256KB yake zuwa da shi. Fayil ɗin aro ya mai da kowanne 32MB, ya kuma ɗaga max_connections, wato iyakar haɗin da za a karɓa lokaci guda, daga 151 zuwa 2000. Yi lissafin da kanka. Mutum 200 suka shigo lokaci guda da tambayoyi, wato umarnin neman bayanai daga rumbu, masu buƙatar jerawa da haɗa tebura: 64MB sau 200, abin zai iya haura 12GB a kan inji mai 8GB. Da farko inji zai koma kwashe kaya zuwa faifai, komai ya koma tafiyar hawainiya. Daga nan Linux ta duba wa ya fi cin ƙwaƙwalwa, ta ga mysqld, wato MySQL ɗin da ke gudana, ta yanke shi. Buga dmesg za ka ga shaidar kisan a rubuce. Lissafin firamare ne fa. Amma mai kwafe-ka-liƙa ba ya lissafi, shi dai ya ga lamba babba ya ɗauka sauri ne. Ganin kitse ake wa rogo.

Shi kansa max_connections kun mai da shi maganin kowace cuta. Da an ga saƙon haɗi ya yi yawa, sai a ƙara sifili. Famfo ɗaya ne a unguwa, 'yan ga-ruwa goma na layi, sai ka buɗe ƙofa mutum ɗari biyar suka shigo. Ruwan ya ƙaru? Cunkoso ne ya ƙaru da faɗa. Injin mai ƙwayar sarrafawa (core) huɗu ba zai gudanar da tambaya ɗari biyar a tare ba, sai dai su riƙa tuttura juna. Duba Max_used_connections ka ga iyakar da aka taɓa kaiwa, duba Threads_running ka ga nawa ke aiki a yanzu. Sau da yawa haɗi na taruwa ne saboda tambaya ɗaya mai nauyi ta riƙe layi, ko manhajar ta buɗe haɗi ba ta rufewa.

Masu PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanan, kada ku yi dariya, kanwar ja ce. shared_buffers, wato kantarku, ma 128MB yake zuwa da shi, kuma abin da aka saba farawa da shi kusan rubu'in RAM ne, ba kashi 80 na MySQL ba. work_mem kuwa 4MB ne, kuma ba na kowane haɗi ba ne kawai, na kowane aikin jerawa ne a cikin tambaya, tambaya ɗaya na iya cinsa sau uku ko huɗu. Ka mai da shi 256MB ka ga ikon Allah. Kowane haɗi a PostgreSQL aiki ne mai zaman kansa a cikin inji, shi ya sa aka tsayar da max_connections a 100, shi ya sa kuma ake sa PgBouncer, manhajar da ke raba haɗi kaɗan ga masu shigowa da yawa, a gaba. Akwai ma masu kashe autovacuum, mai share matattun layuka a tebura, wai yana cin inji. Tebura su kumbura da matattun layuka, watarana rumbun ya ƙi karɓar rubutu sam don kare kansa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sayar da amana don sayen sauri. innodb_flush_log_at_trx_commit yana zuwa a 1, ma'ana duk cinikin da aka ce ya kammala, to ya sauka a faifai. Fayilolin aro da yawa suna mai da shi 2 ko 0, kuma gaskiya rubutu na ƙara sauri. Amma a 2, idan wuta ta ɗauke, za ka iya rasa cinikin kusan daƙiƙa ɗaya na ƙarshe. A 0, ko MySQL ce kaɗai ta faɗi, haka ne. Wanda ya rubuta fayil ɗin yana zaune inda wuta ba ta ƙiftawa. Kai kuwa sabarka na wani ɗaki a Ƙofar Ƙaura, batirin inbata ya tsufa, mai tayar da janareta ya tafi salla. Daƙiƙa ɗaya a ranar rajista kuɗin wani uba ne da ya sayar da buhun gero, rasit na hannunsa, rumbu ya ce bai san shi ba. Wa zai amsa wannan gobe ƙiyama? Na PostgreSQL ma ya fi muni: ka sa fsync, mai tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, a kashe, wuta ta ɗauke, ba daƙiƙa ɗaya ba, rumbun gaba ɗaya na iya lalacewa.

Tunda na taɓo amana, bari in faɗi wannan in wuce. Kalmar sirrin root, asusun da ke da iko a kan komai, tana yawo a zauren WhatsApp kamar katin ɗaurin aure. Ƙofar 3306, wadda ake shiga MySQL ta cikinta, a buɗe ga duk duniya. Kwafin ajiya, idan ma ana yi, a kan faifan da sabar take ake ajiye shi, kuma ba a taɓa gwada mayar da shi ba ko sau ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma sabon salo, a tambayi manhajar hira ta ba da saiti, a liƙa ba tare da an gaya mata girman RAM ba. Kwafe-ka-liƙa ne dai ya sake riga.

Abin haushin, ciwon makarantar nan ba ya cikin my.cnf tun farko. Shafin shiga yana neman ɗalibi da lambar rajista, kuma babu fihirisa, wato jerin da ke kai mai nema kai tsaye ga layi, a kan wannan gurbi. Duk wanda ya shigo sai an karanta teburin daga farko har ƙarshe. Ka ɗauka layi 200,000 ne, mutum ɗari na shigowa a minti. Da an kunna slow_query_log, mai rubuta tambayoyin da suka ɗau lokaci, an sauke long_query_time daga daƙiƙa 10 da yake zuwa da ita zuwa 1, cikin minti biyar tambayar za ta fito fili. Ka sa EXPLAIN a gabanta, ka ga ALL a gurbin type, ma'ana duk teburin ake karantawa, ka gama gano ɓarawo. Layi ɗaya na CREATE INDEX, umarnin yin fihirisa, ya fi duk wancan fayil ɗin amfani. Likita ba ya rubuta magani bai auna ba, amma ku kun fi likita. Ko girman kantar ma aunawa ake yi: kwatanta Innodb_buffer_pool_reads, wato sau nawa aka je sito, da Innodb_buffer_pool_read_requests, wato sau nawa aka nemi kaya gaba ɗaya. Idan zuwa sito bai kai ɗaya cikin ɗari ba, ƙara girma ba zai canza abin kirki ba. Buga vmstat 1, idan gurbin si da na so, masu nuna kwashe kaya tsakanin RAM da faifai, na motsi, ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙare, ragewa za ka yi ba ƙarawa ba.

Kuma ko gyaran daidai ne, ɗaya-ɗaya ake yi. Ka canza abu ashirin a tare, ya yi kyau ba ka san wanne ba, ya ɓaci ba ka san wanne ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wasu kuma su canza saiti da SET GLOBAL inji na aiki, su manta ba su rubuta a fayil ba, wata uku bayan nan a sake kunna inji, komai ya koma gidan jiya, a ce aljanu ne, alhali SET PERSIST na nan a MySQL 8.0 don wannan. Sauran ba sai na jero muku ba, ku nutsu, ku karanta littafin manhajar da kuke amfani da ita, ku tambayi na gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni abin da ke ba ni takaici, ina tarbiyyar sana'a ta tafi? A garejin bakanike yaro sai ya shekara yana wanke sifana da miƙa wa maigida kafin a bar shi ya kwance kafireto. Ɗan koyon ɗinki kan ƙyalle yake farawa, ba kan shaddar ango ba. A garin da hasumiyar Gobarau ke tsaye, inda almajiri ba ya wanke allo sai malam ya saurari hadda, yau yaro ya kalli bidiyon minti takwas ya rubuta injiniya a gaban sunansa. Katsina ɗakin kara ce, amma karar da ta hana ka cewa "ban sani ba" ba kara ba ce, girman kai ne. Magabatanmu a wannan aiki, lokacin da intanet sai an je kafe, ba su taɓa fayil sai sun kwafe shi sun sa masa kwanan wata. Kowane layi da suka canza, a samansa akwai alamar # da rana da tsohuwar lamba da dalili. Aiki sai bayan Isha'i, lokacin da babu kowa a kai, kuma da littafi a gefe.

Fayil ɗin da aka liƙa wa sabar makarantar nan ya fi layi sittin. Da aka tambayi yaran ma'anar uku daga ciki, ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan ya sake zaro waya.