Kwanciya ake saya a gaban jirgi, sauran duk ado ne

Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a jirgin sama ya san wannan layin. An shiga, ma'aikaciya ta dubi tikiti ta nuna hannun dama, sai a bi sahu da jaka a kafaɗa ana ratsa manyan kujerun gaba, inda wasu tuni sun tuɓe takalma suna kurɓar lemo. Na bi layin nan ban san iyaka ba. Sau biyu kacal na tsaya a gaban: sau ɗaya aiki ne ya biya, sau ɗaya kuma kujerun baya ne suka cika aka matso da ni. Tun daga nan nake juya maganar a raina, domin abin da na tarar ya sha bamban da abin da ake tallatawa.

Tallar sashen biznes, wato wannan sashe na manyan kujerun gaba, kullum abinci take nunawa, da farin ƙyallen tebur, da 'yar jakar turare da man shafawa. Duk an ba ni. An kawo tawul mai ɗumi, an miƙo takardar zaɓen abinci, ma'aikaciyar ta durƙusa daidai kujerata ta ce, "Yallaɓai, yanzu za ka ci ko sai ka tashi?" Na ji daɗin karramawar, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya zauna mini a rai wani ɗan madanni ne a hannun kujera. Na danna, kujerar ta riƙa zamewa a hankali har ta shimfiɗe ta zama gado. Aka shimfiɗa 'yar katifa, aka miƙo bargo, na ɗaura bel a samansa, na juya gefen dama kamar yadda nake yi a ɗakina. Ban farka ba sai bayan kusan sa'o'i bakwai. Da na zura ƙafa a takalmi, sai ya shige salin-alin. Wanda ya saba kwana a zaune a baya ya san abin da nake nufi, don ya san yadda ƙafa ke kumbura takalmi ya ƙi shiga.

Tarihin sashen ma haka ya nuna. Lokacin da ya ɓullo a ƙarshen shekarun 1970, inda kamfanin Qantas na Ostireliya ke cewa shi ya fara a 1979, kujera ce kawai mai ɗan faɗi da abinci mai ɗan dama-dama, don a raba mai tafiyar aiki da ya biya cikakken kuɗi da mai yawon buɗe ido da ya samu rangwame. Abin bai zama abin rububi ba sai a shekarar 2000, da British Airways ya sa kujerar da ke miƙewa ɗoɗar ta zama gado. Daga nan gasa ta ɓarke. A 2017 Qatar Airways ya fito da Qsuite, kujera mai ƙofar da fasinja zai ja ya rufe kansa. Kamfanoni da dama ma sun soke sashen fes kilas, wanda ya fi biznes tsada, a jiragensu, tunda gadon da ake nema ya riga ya samu a biznes. Jirgin Singapore Airlines da ke tashi daga Singafo zuwa New York, tafiyar sama da kilomita 15,000 cikin sa'o'i 18 ko fiye ba tsayawa, babu sashen ikonomi, wato kujerun baya masu araha, a cikinsa sam: kujeru 67 na biznes ne, 94 kuma na matsakaicin sashe da ke tsakanin biznes da ikonomi. Kamfanin da kansa ya san akwai iyakar zaman da jiki zai ɗauka.

Abincin da ake ta kururutawa kuwa, jiki ba ya ma iya ba shi haƙƙinsa a can sama. Iskar cikin jirgi tamkar ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000 ce, kuma busasshiya ce ƙwarai, danshinta sau da yawa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Hanci ya bushe, harshe ya dakushe. Binciken da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin jiragen sama na Lufthansa a 2010 ya gano cewa jin ɗanɗanon gishiri da zaƙi na raguwa da abin da ya kai kashi 30 cikin ɗari. Iskar nan ɗaya ce ga na gaba da na baya, labule bai raba ta ba. Haka jirgin in ya shiga gargada, kowa yake girgizawa, kuma lokaci ɗaya ake sauka.

To a nan damuwata take. In dai abin da ake sayarwa da gaske shi ne damar miƙe baya da ƙafa a daren tafiya, ai ba kayan alatu ba ne, buƙatar jiki ce. A tafiyata ta biyu, can tsakar dare na ɗaga labule na leƙa baya don in motsa jini. Kusa da inda ake haɗa abinci na tarar da wani dattijo a tsaye, ya dafa bango da hannu biyu, idonsa a lumshe. Na ce, "Baba, lafiya dai ko?" Ya ce, "Gwiwa ce, ɗana. In na zauna sai ta ƙage, in na tsaya kuma barci ya ɗauke ni." Ya fi awa ɗaya a wurin. Na koma wurina na wuce gadaje uku babu kowa a kansu, barguna a naɗe cikin leda. Barci bai sake ɗaukata ba a daren.

Na san amsar da za a ba ni: iya kuɗinka iya shagalinka. Kuma akwai gaskiya a ciki da ba zan tsallake ba. 'Yan kujerun nan na gaba su ne ke kawo kaso mai tsoka na kuɗin shigar doguwar tafiya, kuma suna daga cikin dalilan da ke sa tikitin baya ya yi sauƙin da ɗalibi da ɗan ƙwadago za su iya saya. Ba na cikin masu cewa a soke sashen, ba na kuma ganin laifin wanda ya sa guminsa ya saya. Sai dai faɗin jirgi ba ya ƙaruwa, abin da aka ƙara wa wani daga wurin wani aka ɗebo. Boeing 777 da kujeru tara a jere ya fara aiki a sashen ikonomi, yau yawancin kamfanoni goma suke cusawa. An tallata Boeing 787 da takwas, kusan kowa ya mayar da shi tara, Japan Airlines na cikin 'yan ƙalilan da suka bar shi a takwas ɗin. Tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta a baya inci 31 ce ko kusa da haka. Gaba na ƙara yalwa da ƙofofi, baya na ƙara matsewa, har mutum ya fara zargin cewa matsin ma wata dabarar talla ce, don a ƙosa a biya a matsa gaba.

Matsin nan kuma ba a gajiya kaɗai ya tsaya ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa na ninkawa biyu bayan zaman tafiya na sa'o'i huɗu ko fiye, ko da yake haɗarin bai da yawa, kusan mutum ɗaya cikin 6,000. Rashin motsi ne sila, don haka na gaba ma bai tsira ba in ya kwanta kamar gungume. Bambancin shi ne shi yana iya tashi duk lokacin da ya ga dama, na tsakiyar layi a baya kuwa sai ya tayar da mutum biyu daga barci kafin ya fita, kunya kuma ta sa ya haƙura.

Akwai wani nauyin da mai zama gaba ya kamata ya sani. Saboda filin da yake ci, lissafin gwamnatin Birtaniya na ɗora wa fasinjan biznes a doguwar tafiya hayaƙin jirgi mai gurɓata iska da ya kai kusan ninki uku na fasinjan ikonomi. Shi ya sa nake ganin kujerar ta cancanta ne a inda take da aiki: tafiyar dare mai tsawo ga wanda zai sauka ya zarce bakin aiki, ko mara lafiyar da zai je ko zai dawo daga tiyata, ko tsoho, ko mai juna biyu. Tafiyar rana ta sa'o'i shida, ko don a ɗauki hoto a watsa a Instagram, ɓarnar kuɗi ce. In kuwa kuɗin jama'a ne ko na wata ƙungiyar agaji, wanda ya sa hannu a takardar ya kamata ya iya faɗin dalili a bainar jama'a. Haka wanda Allah ya hore wa, in zai yi tafiya da mahaifiyarsa kuma tikitin gaba ɗaya ne aljihu zai ɗauka, ita ta fi shi buƙatarsa.

Kamfanoni kuma sun nuna cewa tsakanin gado da ƙunci akwai hanya. Tun farkon shekarun 1990 EVA Air da Virgin Atlantic suka ƙirƙiro matsakaicin sashe mai ƙarin wurin ƙafa. Air New Zealand ya fito da Skycouch, kujeru uku na ikonomi da ake ɗaga wurin ɗora ƙafarsu su zama shimfiɗa. Dabara ba ta ƙare ba ke nan. Abin da nake nema daga hukumomin kula da sufurin sama shi ne su yanke mafi ƙarancin faɗi da tazarar kujera ga duk tafiyar da ta wuce sa'o'i takwas, kamfanoni kuma su ba shugaban ma'aikatan jirgi izinin cewa, in an rufe ƙofa aka ga gado ba kowa, ya duba baya ya ɗauko irin dattijon nan mai ciwon gwiwa ya kwantar da shi.