Baristanmu ya koma kamfani

Ɗan ƙanwata ya gama makarantar lauyoyi ta Bagauda, ya shekara shida a wani babban ofishin lauyoyi a Abuja. Da ya zo sallah ƙauyenmu, can wajen Ringim, sai ya ce ya koma aiki da wani kamfanin shinkafa. Kakansa ya ce, "To Barista, kotun fa?" Ya ce, "Baba, na huta da ita."

Ban ga laifinsa ba. Ƙaramin lauya a babban ofishi shi ne mai kwana kan takardu, shi ne mai ɗaukar jakar oga, kuma abin da ke shiga aljihunsa bai kai sunan ofishin ba. A kamfani kuwa ga albashi tsayayye, ga kuɗin asibiti, ga lokacin tashi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa lauya cikin waɗanda za su iya zama sakataren babban kamfani, kujerar da ke kusa da masu yanke shawara. Abin da ya sarayar shi ne hanyar zama SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, muƙamin da ke buƙatar aƙalla shekara 10 a aikin da tarin shari'o'in da mutum ya tsaya a kansu. Ƙa'idar aikin ma ta hana lauyan da ke cin albashi tsayawa a kotu don kare wanda ya ɗauke shi, in ban da lauyan gwamnati. Shi ya sa yanzu in kamfanin ya ɗauki tsohon ogansa ya tsaya masa a kotu, ogan ke aiko da takardar neman biya, shi yana dubawa.

Damuwata tana gida. A da, in rigimar gona ko ta gado ta taso, shi ake bugawa waya. Yau kamfanonin shinkafa da rake da riɗi ne ke shigowa karkarar Jigawa neman fili, ko su ba da iri da taki bashi a biya da kaka. Takardar da za a kawo zauren dagaci, irinsa ne suka rubuta ta, da Turanci, kuma don amfanin wanda ke biyansu. Haka aikin yake, ba mugunta ba ce. Manomi dai zai dangwala yatsa bai san wa zai ɗauki asara ba in ambaliya ta cinye shukar, bai kuma san cewa a dokar filaye ta 1978, in gwamnati ta karɓi gona, diyyar amfanin da ke kai da gine-gine ake lissafawa, ba ta ƙasar kanta ba.

Ƙungiyoyin manoma suna haɗa kuɗin taki da na hayar tarakta. Su haɗa na lauya ma, ko ƙarami ne daga Dutse ko Haɗeja, ya karanta musu takarda da Hausa kafin a dangwala. Da na faɗa wa ɗan nawa haka, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ka ƙara mini aiki ke nan."