Wai littafin sojoji harbe-harbe ne kawai? Malam, zo mu yi lissafi

To, mun ji. Wai duk mai karanta littattafan nan na sojoji da farmakin dare bai gama girma ba. Wai daga bango zuwa bango harbe-harbe ne, babu adabi, babu tunani, ɓata ido ne da ɓata fitila. Haka wani Malam ya rubuta, ga masu tafi a ƙarƙashin rubutun, ba sai na kama suna ba. Allah ya ƙara ilimi, Malam. Sai dai duk wanda ya ce harbi ne ke hana mai karatu barci har kiran assalatu, wallahi bai taɓa kai ɗaya daga cikin littattafan nan ƙarshe ba. Hoton bangon ya kalla, ya ga ƙato da bindiga da wuta tana ci a bayansa, ya zauna ya yanke hukunci.

Abin da ke riƙe mutum lissafi ne. Harsashi nawa ya rage, mai nawa ya rage a tanki, minti nawa kafin gari ya waye. Ku riƙe wannan, don zan yi ta maimaita shi har sai ya shiga.

Mu fara da bindigar da kowa ya san sunanta. Magazin ɗin AK-47, wato gidan harsashinta, harsashi 30 yake ci. Idan ka sake ta gaba ɗaya ka danne kunama, tana fitar da wajen harsashi 600 a minti, wato goma a daƙiƙa ɗaya. Ke nan cikin daƙiƙa 3 magazin ya ƙare. Soja mai magazin shida a ƙirjinsa yana da harsashi 180, daƙiƙa 18 ke nan idan tsoro ya kama shi ya ƙi ɗaga yatsa. Kuma kowane magazin na ƙarfe idan ya cika ya kusa kilo ɗaya, ba za ka ce ya ɗebo ashirin ba, ga ruwan sha, ga rediyon oba-oba da batirinsa, ga rigar sulke, ga gurneti. Marubucin da ya san aikinsa yana gaya maka wannan tun babin farko, a hankali, kamar ba komai ba. Sai a babi na talatin ka ga saje yana taɓa ƙirjinsa yana ƙirga, saura biyu. Ba a harba ko ɗaya a wannan shafin ba, amma zuciyarka tana dukan uku-uku, domin kai ma ka iya lissafin. Ina harbe-harben a nan, Malam?

Ga wani. Harsashin AK yana barin bakin bindiga da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, ƙara kuwa wajen mita 340 take yi. Don haka wanda aka harba daga nesa zai fara jin tsawar harsashin ya wuce kansa, sannan ƙarar bindigar ta iso daga baya. Tazarar da ke tsakanin biyun ita gogaggen soja yake aunawa ya san nisan mai harbin. Gurneti kuma, daga sakin marfinsa zuwa fashewa daƙiƙa 4 zuwa 5 ne. Ka jefa da wuri a maido maka, ka daɗe da shi ya tashi da hannunka. Wannan abin da ake ɗaura wa bakin bindiga don rage ƙara ma ba ya kashe ƙarar, ragewa yake yi, maƙwabci zai ji. Littafin da ya rubuta cewa an harbe mai gadi shiru abokinsa na gefe bai ji ba, masu karatun nan da kake rainawa su ne na farko da za su wurgar da shi.

Kuma kada ka ɗauka marubutan ƙirƙiro wannan suka yi. Daga abin da ya faru suke ɗebowa. A watan Afrilun 1980 Amurka ta tura jirage masu saukar ungulu guda 8 daga jirgin ruwan yaƙi, za su je ceto mutanenta sama da 50 da ake tsare da su a Tehran. Tsarin ya ce in dai ba a kai 6 masu lafiya ba a wurin haɗuwa cikin hamada, a fasa. Ɗaya ya nuna alamar matsala a farfela, aka bar shi a hanya. Ɗaya ya shiga guguwar ƙura ya juya baya. Ɗaya ya iso amma na'urar man da ke sarrafa shi ta lalace. Takwas a cire uku, biyar. Aka fasa. Wajen juyawa kuma ɗaya ya yi karo da jirgin dakon mai a ƙasa, sojoji 8 suka mutu. Ba su yi arangama da sojan Iran ko ɗaya ba. Ƙasar da ta fi kowa makami, lissafin ɗan aji ɗaya ya kayar da ita. Duk wani littafin kirki na wannan fanni, idan ka tone shi, wannan takwas a cire ukun za ka tarar a ƙasansa.

Mogadishu ma haka, 3 ga Oktoban 1993. Sojojin Amurka suka tsara a shiga da rana a kama mutum a fito cikin awa guda. Tunda awa guda ce, da yawa daga cikin sojojin suka bar tabarau na ganin dare a sansani, wasu har da gorar ruwa, don su rage nauyi. Aka kakkaɓo jirage biyu da roka, awa guda ta zama kwana, Amurkawa 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa. Shawarar da ta cuce su da daddare, tun da rana aka yanke ta wajen haɗa kaya. Kafin farmakin da Amurka ta kai wa Bin Laden da jirage masu saukar ungulu a garin Abbottabad na Pakistan kuma, Mayun 2011, sojojin sun yi ta atisaye a wani gida da aka gina irin nasa, amma shingen waya aka zagaye shi da shi. Gidan gaske katanga ce doguwa ta siminti. Iskar da farfela ke turowa ƙasa ba ta sami hanyar fita ba, ta dawo wa jirgin, ga zafi, sai ya rasa abin da zai riƙe shi ya faɗo cikin gidan. Bambancin waya da bulo kaɗai ya ci jirgi guda. Wanda ya karanta irin wannan sau ɗaya ba ya sake kallon katanga a labari ya wuce.

Saurin da labaran ke da shi ma daga nan yake fitowa, ba daga yawan fashe-fashe ba. Dubi yadda suke gina shi. Babi gajere, shafi uku ko huɗu. A saman kowane babi an rubuta wuri da lokaci, ƙarfe 2:10 na dare, na gaba 2:25. Agogo yana hannunka ke nan. Sannan a riƙa yawo da kai: yanzu kana cikin jirgi da matuƙi yana kallon allurar mai, yanzu kana ɗakin manyan hafsoshi suna gardama, yanzu kana bayan dutse tare da waɗanda suka yi kwanton ɓauna. Kai ka san an canja masu gadi da wuri, kyaftin ɗin da ke rarrafowa bai sani ba, kuma ba ka da bakin gaya masa. A yanke babin daidai lokacin da hannunsa ya taɓa ƙofa, a kai ka wani wuri. Ka ce bari in ƙara babi ɗaya, ai gajere ne. Haka ake cinye wa mutum dare. Duk wanda ya taɓa tuƙi a dogon daji allurar mai tana kan ja, alhali gidan mai na gaba bai san ko a buɗe yake ba, ya san wannan yanayin, kuma ya san ba ya buƙatar wani ya harbe shi kafin gumi ya karyo masa.

Frederick Forsyth, marubucin Birtaniya wanda ya yi aikin jarida a ɓangaren Biyafara lokacin yaƙin basasar Najeriya, ya fitar da littafinsa na sojojin haya a 1974. Je ka ƙirga shafukan faɗa a cikinsa. Ƴan kaɗan ne a can ƙarshe. Sauran duk yadda ake buɗe asusun banki ne, da yadda ake samo takardar shaidar wanda zai yi amfani da makami, wadda babu ita ba a sayar maka da harsashi a hukumance, da yadda ake ɓoye bindigogi cikin durom ɗin mai, da sayen tsohon jirgin ruwa. Ɗaruruwan shafuka na takardu da ciniki, mutane kuma suka kasa ajiyewa. To in harbi suke nema me ya zaunar da su?

Yanzu bari in ajiye gatse in faɗi abin da ya fi damuna a rubutun nan. Cewa da aka yi littattafan suna sa matasa sha'awar jini. Na kirkinsu akasin haka suke yi. Jikin babban mutum jini wajen lita 5 ne a cikinsa. Idan harsashi ya tsinka babbar jijiyar cinya, mintuna kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Sai an ɗaure saman raunin da igiyar tsayar da jini, a murɗa har jinin ya tsaya ko da yana ihu, a rubuta lokacin da aka ɗaure, domin idan ta wuce awa biyu ƙafar kanta ta fara shiga haɗari. Sannan mutum ɗaya da ya ji rauni yana cire mutum huɗu daga faɗa, masu ɗaukarsa. Rukuni mai mutum goma ya koma biyar. Yaron da ya karanta wannan, ya ga kofur yana rubuta lokaci da hannu yana rawa a jikin abokinsa, ya fi fahimtar abin da ake nufi idan rediyo ya ce an yi wa sojoji kwanton ɓauna, fiye da wanda kanun labari kawai ya ji. A ƙasar da kusan kowace unguwa tana da ɗa a bakin daga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Za a ce ai farfagandar Amurka ce, kullum su ne jarumai, mai rawani shi ne mugu. Eh, da yawansu haka suke, mun gani tun kafin ka gani. Muna da hankali, muna tsince tsakuwar mu ci shinkafarmu. Za a ce taurarin ba su da zurfi, ba a shiga zuciyarsu. Mutum yana da daƙiƙa 4 gurneti a hannunsa kake so ya tsaya ya tuno ƙuruciyarsa? Halinsa yana fitowa a wurin da ya yanke wa zai bari a baya. Za a ce akwai na banza. Akwai mana, lodi guda. Alamarsu ɗaya ce: ba a ƙirga komai. Magazin ba ya ƙarewa, jirgi ba ya shan mai, rediyo ba ya yankewa, jarumi ya sha harsashi a kafaɗa ya ci gaba da dambe. Wannan kam ka zage shi, zan taya ka. Amma shi ma hujjata yake ƙarfafawa, don da aka cire lissafin sai ga shi ya zama lami duk da harbin ya ninka.

Abin da ya kamata Malam ya yi faɗa a kai, da yana neman abin faɗa, shi ne me ya sa babu irinsu da yawa da Hausa. Muna da littattafan yaƙi, na takobi da sihiri da sadaukin da ke kashe dubu shi kaɗai, kuma suna da masoyansu. Amma labarin soja na zamani fa? Ga kaya jibge. A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka ɗora makamin harbo tanka samfurin MILAN a bayan motocin Toyota, suka kutsa wa tankokin Libiya a Fada cikin Janairu, suka ƙwace sansanin Wadi Dum cikin Maris, har suka tsallaka cikin Libiya kanta a Satumba. Ka zauna ka lissafa man da ruwan da ayari irin wannan zai sha a hamada, labari ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Ga kakanninmu da aka kwasa zuwa Burma a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82, ana ba su umarni da Hausar bariki, suna ɗaukar kayan yaƙi a ka cikin ƙungurmin daji inda mota ba ta shiga. Ga saukar ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a tashar jirgin ruwan Monrovia ta Laberiya a Agustan 1990. Kada wani ya ce ai sai wanda ya yi soja. Tom Clancy, Ba'amurken da ya shahara da irin waɗannan littattafai, inshora yake sayarwa lokacin da littafinsa na farko ya fito a 1984, bai taɓa sa kaki ba. Karatu ya yi da tambayar waɗanda suka sani. Tsofaffin sojoji kuwa ga su nan a Kaduna da Zariya, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu.

Ku kuma ƴan'uwa marubutan intanet masu son jaruminku ya zama soja, don Allah ku ji tausayinmu. Kwas ɗin hafsan sojan ƙasa a NDA, makarantar horar da hafsoshin sojan Najeriya, shekara 5 ne, a fito da ƙaramin laftana, a ba shi mutum wajen talatin. Bataliya laftanar kanar ke riƙe ta. Manjo janar sai ya haura shekara 25 yana aiki, furfura ta fito, runduna sukutum ake ba shi irin ta ɗaya da ke Kaduna. To ta ina naku ya zama janar yana da shekara 28, bai taɓa aure ba, kuma kullum yana ƙofar makarantar su yarinya da ayarin mota goma? Wa ya bar wa ofis? Kuma ku daina sa saje yana ba kyaftin umarni, ko ku sa shi ya kwashi sojoji ya je ya daki wanda ya yi wa budurwarsa magana a gidan biki, a wayi gari kuma ba wanda ya kira shi ya yi bayani. Wa ya sa hannu aka fitar da motocin, man kuma daga aljihun wa?